Dutsen Murhun Kaka Hindu

A gyara zama, a kore awaki daga hanya, mai hula ya daidaita hularsa. Ga Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa na Tungar Kaɗe da kewaye, Galadiman Rijiya, Magajin Salga, Ubandawakin Kabari, Malam Gajere ɗan Shehu, wanda ya fi gafiya shiga rami kuma ya fito daga kowanne da ƙafarsa. Ni na naɗa masa waɗannan sarautu, ni Ɗantala, jikan yarsa. Ba rawani, ba tambari, biro ne kawai da sauran takardun da suka rage mini daga aji biyun da na yi a sakandare a Mafara, kafin makarantar ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Tun daga nan na yi yaron mota, na yi facin taya, na yi dakon albasa a Bakura, babu sana'ar da ta riƙe ni. Abu ɗaya na iya da kyau, shi ne tsokanar tsofaffi. Tunda kuwa Gajere ƙanen kakata Hindu ne, al'ada ta ba ni shi halak malak.

Sunansa bai yi masa ƙarya ba. In ya shiga rijiya ba ya cin wuri. Magana kuma yana fito da ita ne kamar mai jan ruwa da guga mai yoyo, kafin ta iso sama rabi ta zube.

Tungar Kaɗe ta asali tana can wajen Maradun, ko in ce tana can ƙarƙashin ruwa. Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya taso ya ci gonakinmu da gidajenmu da maƙabartarmu. Kakana, mijin Kaka Hindu, yana can har yau, masunta na wucewa ta kansa da kwalekwale. Mu masu rai aka kwaso mu a manyan motoci aka zube mu a wani fili tsakanin Mafara da Bakura, filin da katafila ta riga ta share tas. Ba itace, ba suri, ba dutsen da za ka jefi kare.

To wannan rashin dutse shi ne mafarin komai. A tsohon gari dutse ba kaya ba ne, wa zai ɗora dutse a mota ya bar tabarma? Sai da mata suka sauke tukwane suka ga babu abin da za su girka su a kai. Suna cikin wannan hali sai suka hango wasu 'yan turakun siminti, gajeru, a jere, sun taso daga bakin titi sun ratsa filin sun nufi gidan famfon da ke tura ruwa gonakin tudu. Kowanne da 'yar kibiya da wani baƙin rubutu a kansa. Tsayinsu daidai tukunya, kamar an auna. Kafin a yi Juma'a ta biyu babu ko ɗaya a wurinsa, kowane gida kuma tuwo na dahuwa lafiya.

Babu wanda ya gaya musu, su ma ba su tambaya ba. Waɗannan turaku alama ce ta wayar wutar lantarki da aka bizne a ƙasa, mai kaurin dantse, wadda ke kai wuta ga injinan famfo.

Gajere yana da abokin aiki, Manu, Bafillacen da ya bar kiwo ya kama haƙa. Tun suna samari suke tare, in ɗaya na ƙasa ɗaya na sama da igiya. A shekara ta biyu da zuwanmu aka kira su haƙa salga a wani gida. Manu ne a ƙasa. Ramin bai kai ƙugu ba ya ɗaga diga ya sauke. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙara kamar an fasa tulu, suka ga haske da rana tsaka. Gajere da ke riƙe da kwandon ƙasa bai faɗi abin da ya gani ba, har yau. Abin da kowa ya sani, shi ya yi wa Manu wanka, shi ya haƙa masa kabari, kuma da ya dawo gida kwana da kwanaki ba ya cin abin da aka gasa.

Ma'aikata sun zo sun gyara wayarsu, suka ce ai an sa alama, ina alamun? Mata suka shiga tsoro kada a ce su suka kashe Manu, kowacce ta juya fuskar dutsenta mai kibiya ta kalli wuta, hayaƙi ya rufe sauran.

Daga ranar Gajere ya kafa dokarsa: ba ya sa ƙarfe a ƙasa sai ya san abin da ke ciki. Ko ramin shuka turken akuya ne. Matsalar, waɗanda suka san inda turakun suke tun farko mata ne a cikin gidajen aure, inda ba ya shiga, kuma ko ya aika ba za su faɗa ba. Sai ya sa matarsa Safara'u ta riƙa kashe wutarta da gangan. Kullum da safe ta ɗauki kasko ta shiga wani gida ɗebo garwashi, ta durƙusa gaban murhu, ta shafa dutse a ɓoye. In ta ji siminti, ba ta cewa komai ranar. Sai an kwana biyu ta koma da 'yar daddawa, ana hira ta ce, "Ni kam dutsen ga naki ya yi kyau, daga ina kinka samo shi?" A hankali ake gaya mata: daga bayan rumbun wane, daga inda yanzu masallaci yake. Ta kawo wa Gajere, shi kuma ya je ya dasa itacen aguwa a wurin don alama. Har gari ya yi mata suna, Safara'u mai mataccen murhu.

Ni ina zaune ina yi masa dariya.

"Tsoho, injiniyoyi na da takarda, kai taswirarka na cikin tukunyar mata."

"Taka tana ina?"

"Ni ai ba na haƙa."

"Na lura."

Da haka ya bi wayar cikin gari kaf, daga titi har gidan ƙarshe. Amma daga gidan ƙarshe zuwa gidan famfo akwai fili mai faɗi, gonar wani mutumin garinmu Balarabe da gefen maƙabarta, nan kam layin ya ɓace masa. Babu matar da ta ce ta ɗauko dutse daga can.

Gida ɗaya ne Safara'u ba ta taɓa shafa murhunsa ba, gidanmu. Kaka Hindu ba ta barin kowa kusa da wutarta. Ita ke miƙo garwashi da hannunta. Ta gaya wa duk garin cewa ita kaɗai ce ta yi hankalin ɗauko duwatsunta uku daga tsohon gari, duwatsun da uwar mijinta ta girka mata ranar da aka kawo ta. Tana alfahari da su fiye da yadda take alfahari da mu. Nakan ce mata, "Amarya, kin bar miji a ruwa kin ceto duwatsu." Ta ce, "Su sun fi shi jin magana, kai kuma sun fi ka amfani." Gajere ya taɓa tambayarta sau ɗaya. Ta dube shi ta ce, "Ni na goye ka, yau ni kake tuhuma?" Bai sake ba.

Ta rasu cikin bazara, bayan sallar asuba, a shekarar da amai da gudawa ya ratsa garin. Ciwon ya riga ya cika maƙabarta har bakin iyaka, shi ya sa Balarabe ya ba da gefen gonarsa a ci gaba da biznewa. Kaka ce za ta fara shiga sabon wurin.

Babana Jibrin, ɗanta na fari, ya auna ta da kara, muka ɗauki diga da shebur muka fita tun rana ba ta yi zafi ba. Ya ajiye karan a ƙasa, ya daidaita alƙibla, ya zana. Gajere na tsaye, idonsa ja, bai hana ba, don shi ma a ransa yana ganin wayar ta bi ta can gefen hanya.

Sai ga yaro an aiko daga gida, wai Safara'u na kiran mijinta a ƙofar gida, yanzu. Na bi Gajere. Gidan mutuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke kawo abinci, don haka ranar ce ta farko tun zuwanmu da murhun Kaka ya yi sanyi. Safara'u ta fito zaure da abu a cikin zani, ta ajiye a gabansa. Dutsen murhun Kaka ne, ta kankare baƙin hayaƙin da wuƙa. Ga kibiya, ga baƙin rubutu.

"Biyu na gaske ne, na tsohon gari," in ji ta a hankali. "Na ukun ne wanga."

Gajere ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ina Yaya take zuwa ɗibar karan girki?"

"Ka sani ai. Bayan maƙabarta, gonar Balarabe. Ba ta zuwa ko'ina sai can."

Wadda ta san daga inda aka tumɓuke dutsen tana kwance a ɗaki an rufe ta da zani.

Muka koma. An riga an kankare saman ƙasa, wani saurayi ya ɗaga diga. Gajere ya shiga cikin zanen ya zauna.

"Ba a sa ƙarhe a wurin ga."

Baba ya ce, "Kawu, lafiya?"

Ya gaya musu. Kowa ya fara magana lokaci ɗaya. Wani ya ce filin nan da faɗi, ina waya ina nan. Wani ya ce a matsa gaba kaɗan. Gajere ya ce gaba ina, tunda ba a san inda take ba, matsawa ka iya zama matsawa kanta. Aka ce a koma ɗaya gefen maƙabarta, aka tuna can kusa da magudanar ruwan noma ne, kamu biyu ka haƙa sai ruwa ya tsattsafo. Liman ya ce ko a kai gawar garin Ruwan Gizo, akwai dangi a can.

Baba ya ce, "An tashe ta sau guda tana da rai. Ba za a tashe ta tana gawa ba."

Ni aka ce in hau keke in je gidan famfo a kashe wutar. Na je. Maigadi na samu shi kaɗai, dattijo, ya yi mini ta'aziyya har da hawaye, ya nuna mini ƙofar ɗakin injin a kulle. Mai mabuɗin ya tafi Mafara tun safe, ba a san lokacin dawowarsa ba. Ina jin injin na gurnani ta bayan ƙofa. Na dawo da labari, ba wanda ya yi mamaki.

Na tarar Gajere ya tuɓe riga. Ya sa an kawo masa ƙotar kwasa, wato fartanya, wadda aka cire wa ƙarfe, da fasasshiyar ƙwarya. Ya ce samari su riƙa jido ruwa daga magudana. Abin da yake nema, ƙasar da aka taɓa tonawa aka mayar ba ta komawa yadda Allah ya jera ta, ja da baƙa sukan gauraye, in ka yanka a gicciye za ka ga zirin. Amma katafila ta riga ta gauraye saman filin duka, sai an wuce tsawon kamu kafin a kai ga ƙasar da ke faɗin gaskiya. Don haka zai ja siririn rami ya ratsa filin, da itace da ruwa da hannu, cikin ƙasar bazara mai taurin ƙashi.

Baba ya durƙusa kusa da shi. Ban taɓa ganin babana ya durƙusa wa kowa haka ba.

"Kawu, rana na tashi. Ka san ciwon da ya kashe ta. Ba ta iya jira."

"Na sani."

"Gaggauta gawa umarni ne, ba ra'ayina ba."

"Na sani, Jibrin."

"To ka tashi. Ni zan riƙe digar da hannuna, in wani abu ya faru ni ya samu."

"Ita ɗaya nake biznewa yau."

"Uwata ce."

"Yata ce tun ba a haife ka ba."

Da wani ne da an ɗauke shi cak an ajiye gefe, don ba shi da nauyi. Amma ƙanen mamaciya ne, kuma duk wanda ke wurin ya tuna da Manu. Babu wanda ya yarda ya fara taɓa shi, babu kuma wanda ya yarda ya fara ɗaga diga. Sai aka tsaya ana kallonsa.

Hantsi ya wuce. Mutanen da suka zo jana'iza daga Damaga suka nemi inuwa, babu inuwa, suka jingina da katangar gidan ƙarshe. Muna zuba ruwa, ƙasa na shanyewa, yana caccaka da ƙota, yana kwashewa da ƙwarya, yana sa fuska cikin ramin yana dubawa, ya ja gwiwa gaba. Wasu suka ɗauko itace suka taya shi, amma shi kaɗai ya san abin da ake dubawa, dole ya bi bayan kowa. Aka kira azahar, aka yi salla, ya yi tasa a bakin ramin ya koma. Farcensa biyu suka fita. Na ce bari in sassauta masa rai.

"Tsoho, in ka samo zinariya a raba da ni."

Bai ɗago ba. Ni ma ban ji daɗin bakina ba.

Sau biyu ana aikowa daga gida. A na biyun Safara'u da kanta ta tsaya daga nesa, inda mata ke iya tsayawa, ta kira ni. Ta ce in gaya wa maza an ƙara turare, an jiƙa buhu an rataya a ƙofa, amma mata sun fara fita daga ɗakin. Na zo na faɗa wa Baba a kunne. Ya tashi ya koma can gefe ya zauna ya ba mu baya.

Bayan la'asar Gajere ya tsaya. Ya kira Liman ya nuna masa: a bangon ramin ga wani ziri mai faɗin tafin hannu uku, ƙasarsa dabbare-dabbare. Ya bi shi ƙasa da yatsu har ya taɓa jan bulo, irin wanda ake jerawa a kan wayar. Mutane suka ja da baya. Amma wuri ɗaya ba ya nuna hanya, sai da ya sake buɗe wani gaba kaɗan ya samu bulo na biyu, ya miƙa igiya tsakaninsu, ya hango gidan famfo ta kan igiyar.

Wayar ta wuce ta gefe. Tsakaninta da zanen da Baba ya yi da safe akwai tazarar da mutum zai kwanta a miƙe har da saura. Da an haƙa tun da safe, babu abin da diga zai taɓa.

Gajere ya zo kan zanen, karan awo na nan inda aka ajiye shi, ya ce, "Ku haƙa nan."

Samari suka haƙa kabarin, uwa da 'ya, cikin ɗan lokaci, kamar masu jin haushin ƙasa. Aka ɗauko Kaka. Ba zan rubuta yadda makarar ta iso ba. Zan dai ce masu ɗauka sun yi ta canji da sauri ba don nauyi ba, sahun salla kuma ya tsaya nesa fiye da yadda aka saba. Baba ne ya shiga ramin ya karɓi uwarsa, shi ya san abin da hannunsa ya riƙe. Da zai fito Gajere ya miƙa masa hannu don ya ja shi, Baba ya dafa ƙasa ya fito da kansa.

Muka dawo ana kiran magariba.

Daga ranar babana bai sake taka ƙofar kawunsa ba. Ba zagi, ba faɗa. In sun haɗu a masallaci ya ce, "Ina kwana, Kawu," ya wuce kafin a amsa. A wurinmu, inda gaisuwa ke kai mutum har ga kaji da awaki, wannan ya fi mari. Gari ma ya rabu. Wasu sun ce tsohon ya yi daidai. Da yawa sun ce ya wulaƙanta gawar yarsa a kan wayar da ba ta wurin, kuma ya tona mata asirin dutse bayan ta mutu, abin da ta rufe shekara da shekaru. Aikin kabari aka daina kiransa. Rijiya da salga ana kiransa, don a nan babu mai gaggawa kuma kowa na son ransa.

Dutsen kuwa, bayan sadakar bakwai ya ɗauke shi da kansa ya kai gonar Balarabe, ya kafa shi a kan layin, kibiyar na kallon gidan famfo. Yana nan baƙi ƙirin da hayaƙin tuwon Kaka, in ka tsaya wurinsa kana ganin kabarinta. Ya dasa aguwa tun daga nan har gidan ƙarshe. Yanzu duk wanda aka bizne a sabon wurin, da wannan jeren ake auna inda za a tsaya, har waɗanda ke cewa ya yi laifi.

Shekaranjiya na same shi a bayan gidan Balarabe, an ba shi aikin salga. Yana durƙushe yana zuba ruwa a ƙasa, duk da cewa nan cikin gari ne, ya san layin kamar tafin hannunsa. Farcen nan biyu sun fito a karkace. Na zauna a kan kwandonsa na zaro takarduna, na karanta masa farkon wannan rubutu da murya irin ta maroƙa, Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa, Galadiman Rijiya, har ƙarshe. Bai ɗago ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, talakanka na da tambaya. Ka rasa ɗan yarka, ka rasa rabin gari, Kaka ta wuni a ɗaki. Ga shi kuma wayar ba ta wurin. Me za a rubuta a tarihi?"

Ya matse ƙasa a hannu, ya duba, ya yar.

"Ni ban ce tana wurin ba. Cewa na yi ban sani ba. Tashi mini daga kan kwando."